Akuyar da Ta Ƙare Sau Biyu

Ranar 6 ga Janairun 2000, ana tsakiyar hunturu, masu gadin gandun dajin Ordesa da ke arewacin Sifaniya suka bi sautin wata na'ura suka hau dutse. Wata tara ke nan na'urar tana rataye a wuyan wata tsohuwar akuyar daji, kullum tana aiko da ɗan ƙara mai nuna cewa dabbar tana yawo. An ƙera ta ne yadda in mai ɗauke da ita ta daɗe ba ta motsa ba, sautin zai sauya. Ranar nan ya sauya. Masu gadi sun san abin da za su tarar tun kafin su ɗaura takalma.

Suka same ta ƙarƙashin wata bishiya da ta faɗo ta fasa mata kai. Babu harsashi, babu tarko, babu kyarkeci. To sai me, in ji mai karatu, akuya ta mutu a daji, yau aka fara? Ai wannan akuyar, wadda masana suka raɗa wa suna Celia, mai shekara 13 a duniya, ita kaɗai ta rage cikin jinsinta. Mutanen yankin suna kiran jinsin da bucardo. Da bishiyar nan ta faɗo, a kan jinsin gaba ɗaya ta faɗo. Amma akwai abin da bishiyar ba ta taɓa ba, yana can a ajiye a wani ɗaki mai nisa.

Kafin mu buɗe ɗakin, bari mu ga yadda aka yi garke ya koma akuya ɗaya.

Bucardo akuyar dutse ce ta tsaunukan Pirenis, waɗanda suka raba Sifaniya da Faransa. Namijinta yakan kai kilo 100, da ƙahoni masu kauri da suka lanƙwasa baya, yana tsayawa a gefen dutsen da mutum ba zai iya ko leƙawa ba sai jiri ya ɗebe shi. A ƙarni na 14, Gaston Febus, sarkin yankin Foix da ya rubuta littafi a kan farauta, ya ambaci yawansu a waɗannan duwatsu. Sai bindiga ta iso. A ƙarni na 19 attajirai daga Ingila da Faransa suka riƙa tahowa musamman don su kashe bucardo su rataye ƙahonsa a bangon falo. Ga kuma halin ɗan Adam: duk sanda dabbar ta ƙara wuyar samu, sai ƙahon ya ƙara daraja, sai masu nema su ƙaru. A 1910 aka harbe na ƙarshe a ɓangaren Faransa, kusa da tafkin Gaube. A ɓangaren Sifaniya kuwa abin da ya saura bai wuce arba'in ba, duk sun maƙale a kwari guda.

Hukuma ta farka. A 1913 aka hana farautarsu, a 1918 aka mayar da Ordesa gandun daji na ƙasa. Da kai ne, mai karatu, ba za ka ce an gama ba? An kafa doka, an sa masu gadi, saura akuya ta hayayyafa, aikin da ba sai an koya mata ba. To shekara saba'in suka wuce garken bai taɓa farfaɗowa ba. Masana suna lissafa dalilai da dama: barbara tsakanin 'yan gida ɗaya har jini ya yi rauni, gasar ciyawa da dabbobin makiyaya da sauran namun dutse, cututtuka, zaftarewar ƙanƙara, da mafarautan dare da doka ba ta hana su barci. Da aka yi ƙidaya a 1989, kimanin goma sha biyu aka samu. Cikin 'yan shekaru mazan suka ƙare, sai mata. An kawo mazan wata akuyar dutse mai dangantaka da su daga wani yankin Sifaniya, ko za a dace. Ba a ga ɗan akuya ko ɗaya ba.

Nakan tuna da raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 suka rage, adadi kusan ɗaya da na bucardo a farkon ƙarnin, amma da aka tsaya musu tun da sauran maza da mata masu ƙarfi, sai suka haura 600. Su mutanen Ordesa sun kafa doka suka koma gefe suna kallo, har lissafi ya sauko zuwa ɗaya. To in kai ne likitan da aka danƙa wa wannan ɗayar, tsohuwa, ba miji, ba ɗa, me za ka yi da ita?

Likitan dabbobin da wannan tambaya ta faɗo wa shi ne Alberto Fernández-Arias, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda awakin dutse ke haihuwa. Shi da abokan aikinsa sun ga wani haske daga Sikotilan. A 1996 masanan cibiyar Roslin sun samar da tunkiyar nan Dolly daga ƙwayar jikin wata tunkiya balagaggiya, ba tare da rago ba. Sau 277 suka haɗa ƙwai kafin a samu 'yar tunkiya ɗaya, amma dai an samu. In an yi da tunkiya, me zai hana akuya? Sai dai sai an kama Celia da ranta, a taɓa jikinta. Ka tuna ita ce ta ƙarshe. Dabbar daji takan mutu don firgita kawai a hannun masu kama ta. In ta mutu a tarkonka, sunanka ne zai shiga tarihi a matsayin wanda ya ƙarasa jinsin da hannunsa. Za ka ɗana tarkon?

Suka ɗana. A watan Afrilun 1999 Celia ta shiga. Aka yanki ɗan fatar kunnenta, aka ɗaura mata na'urar nan a wuya, aka sake ta ta koma dutse lafiya lau. Ƙwayoyin fatar aka raina su a ɗakin gwaji har suka yawaita, sannan aka daskarar da su cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda duk wani aiki na cikin ƙwaya yake tsayawa cak ba tare da ta mutu ba. Wata tara bayan haka bishiya ta faɗo. Da sun ce bari sai baɗi, da wannan labarin ya ƙare a nan.

Yanzu kada mai karatu ya zaci wani ya yi iƙirarin ta da matacce. Abin da suka yi niyya yana da iyaka, kuma kowane mataki nasa da abu mai rai ake yin sa. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai cibiya, a cikin cibiyar akwai DNA, wato bayanin gadon da ke tsara yadda dabba za ta kasance tun daga ƙaho har kofato. Sai a samo ƙwan haihuwa daga akuyar gida, a sa allura siririya ƙarƙashin madubin ƙara girma a zuƙe nata bayanin gadon, a bar ƙwan fanko. A kawo ƙwayar Celia a manna masa, a ɗan buga musu lantarki su haɗe. In an yi sa'a ƙwan zai fara rabuwa, biyu, huɗu, takwas, yana bin umarnin akuyar da ta riga ta mutu. Daga nan sai a nemi mahaifar da za ta ɗauka.

Nan ne aikin ya yi tsauri. Mahaifar akuyar gida ba ta cika riƙe ɗan akuyar dutse ba. Sai da masanan suka bi doguwar hanya: suka haɗa akuyar gida da wata akuyar dutsen Sifaniya, aka haifi 'yan ruwa biyu, aka jira suka girma, sannan aka mayar da su masu ɗaukar ciki tare da wasu awakin dutse tsantsa. Ka ga kenan kafin a haifi akuya ɗaya sai da aka kafa garke sukutum don hidimarta. Aikin yana ƙarƙashin jagorancin José Folch na cibiyar binciken noma ta yankin Aragon da ke Saragosa, da taimakon masana daga Faransa.

Ga yadda lissafin ya kaya. An haɗa ɗaruruwan 'yan tayi. An dasa sama da 200 a cikin awaki 57. Bakwai suka ɗauki ciki. Ka sa kanka a takalmin masu aikin nan, kullum da safe kana ɗora na'urar hoton ciki a kan akuya, kana neman ɗan bugun zuciya. Yau a ce wannan ta yi ɓari, bayan mako a ce waccan ma. Ɗaya, biyu, har shida suka zube. Saura ɗaya tilo, wata 'yar ruwa biyu, cikinta yana ta girma. Wa zai yi barci?

Ranar 30 ga Yulin 2003 aka yi mata aiki aka ciro 'yar. Mace ce, kilo biyu da ɗoriya, ƙafafu huɗu, komai a wurinsa, zuciya tana bugawa. Shekara uku da rabi bayan an rufe littafin bucardo, ga bucardo a hannun Fernández-Arias. Tun da ake yi wa dabbobi rajistar ƙarewa, ba a taɓa samun wadda aka rubuta sunanta sannan ta dawo ta wannan hanya ba. Da kai ne a ɗakin, da ka yi kabbara ko ka fashe da kuka, ban sani ba wanne zai riga. Su dai ba su samu sukunin ko ɗaya ba, domin likitan ya lura da abin da ya tsinka masa zuciya.

'Yar akuyar tana ta kokawar jan numfashi, harshe a waje, iska ta ƙi shiga. Suka yi duk dabarar da likitan dabbobi ya sani. Ba ta cika minti goma ba ta mutu a hannunsu. Da aka buɗe ƙirjinta sai aka ga ɗaya daga cikin huhunta ya tsiro da wani ƙarin sashe, babba, mai tauri kamar hanta, ya toshe wurin da iska za ta zauna. Tana cikin uwa ba ta bukatar huhu, jinin uwa ke ciyar da ita. Ranar da ta fito, ranar aka fara neman huhun ya yi aiki, ranar aibin ya bayyana.

Ba wani abin mamaki ba ne ga masu wannan sana'a, sun saba ganin matsalar huhu a 'ya'yan da aka samar ta kwafi. Ƙwayar kunne ta shekara da shekaru tana aikin kunne. Bayanin gadon duk yana cikinta, amma an kulle sassan da kunne ba ya bukata. Aikin ƙwai ne ya buɗe makullan nan duka cikin 'yan sa'o'i, ya mantar da ita cewa ta taɓa zama kunne. Sau da yawa wasu makullan sukan ƙi buɗuwa, ko su buɗu a inda bai kamata ba. Shi ya sa ake yawan ɓari, shi ya sa wadda ta tsira ta zo da huhu a karkace. Haka bucardo ta zama dabbar da ta ƙare sau biyu, na farko a ƙarƙashin bishiya, na biyu a kan teburin likita. Cikakken rahoton binciken ma sai a 2009 ya fito a mujallar masana, har jaridu da dama suka ɗauka a shekarar aka yi haihuwar.

To, mai karatu, tsaya mu yi wani lissafi, domin nan ne abin dariya da abin kuka suka haɗu. A ce huhun nan ya yi aiki. A ce ta sha nono, ta miƙe, ta girma, ta zama zabgegiyar akuya. Wa zai yi mata barbara?

Celia mace ce. Duk kwafin da za a yi daga kunnenta mace ne, kuma ita ɗin ce dai ake maimaitawa. Ka yi goma, ka yi dubu, ka cika kwarin Ordesa da su, garke ne na akuya ɗaya, ba bunsuru. Abin da ke sa dabba ta zama namiji yana cikin wani ɗan sashe na gado da uba kaɗai ke ba ɗansa, kuma na bucardo ya tafi da bunsurun ƙarshe, wanda ya mutu shekaru kafin wani ya yi tunanin daskarar da fata. Masanan sun san da haka tun farko, ba wawaye ba ne. Sun yi abin da ya rage a yi ne kawai. Laifin yana wuyan shekaru tamanin ɗin da aka yi ana kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa a bakin ƙofa aka miƙa musu gorar da wuƙa.

Akwai ma wata tambayar da babu na'urar da ke amsa ta. Ɗan bucardo a wurin uwarsa yake koyon inda ake fakewa in ƙanƙara ta zubo, da wace ciyawa ake ci a wane wata, da hanyar da ake bi a gefen dutse. Wannan jaririya da ta rayu, a garke za ta tashi, bayan wata 'yar ruwa biyu da ba ta taɓa ganin Ordesa ba. Ko a jikinta ma akwai ɗan gadon akuyar gida, domin ƙwan da aka zuƙe ba ya zama fanko sarai, akwai wasu ƙananan sassa masu samar wa ƙwaya ƙarfi da ke ɗauke da nasu DNA, kuma sukan bi ƙwai ne. Da ka gan ta tana cin dusa a kwano, za ka rantse bucardo ce ta dawo?

Ban faɗi haka don in raina aikin ba. Dabarar tana da inda take cin nasara, kuma an gani. A Amurka akwai wata 'yar dabba mai baƙaƙen ƙafafu, dangin su tunku a siffa, wadda a da duk masu ranta daga kakanni bakwai suka fito. A 1988 aka daskarar da ƙwayoyin wata macen da ba ta bar zuriya ba. A watan Disambar 2020 aka haifi kwafinta, aka sa mata suna Elizabeth Ann, kuma a 2024 wata kwafin mai suna Antonia ta haihu, sabon jini ya shiga dangin. Me ya bambanta su da Celia? Da suka buɗe ido sun tarar da maza da sauran 'yan uwa a raye.

Waɗanda ba na sakin jiki da su su ne masu ganga. A watan Afrilun 2025 kamfanin Colossal na birnin Dalas ya shelanta wa duniya cewa ya dawo da wani ƙaton kyarkeci da ya ƙare fiye da shekara dubu goma da suka wuce, har da hotunan fararen 'yan kwikwiyo uku. Da aka bi diddigi, kyarkecin zamani ne aka yi wa gyara 20 a wurare 14 na gadonsa don ya yi kama da na da, kuma babbar masaniyar kamfanin, Beth Shapiro, ta amsa hakan daga baya. Mutanen Saragosa aƙalla da ƙwayar dabbar ta ainihi suka yi aiki, kuma da ta mutu suka rubuta cewa ta mutu, suka faɗi abin da ya kashe ta.

Saura kaɗan labarin, kuma ragowar ta fi ban mamaki. Gawar Celia an cusa mata kaya an tsayar da ita, tana nan a ɗakin baƙi na garin Torla, a bakin gandun. Ƙwayoyinta kuwa suka ci gaba da zama cikin sanyi, kuɗin bincike ya yanke. A ƙarshen 2013 sai aka ji an samu masu ɗaukar nauyin a duba ko ƙwayoyin suna da rai har yanzu, ko za a sake gwadawa. Su wa kake tsammani? Masu kare namun daji? Wata jami'a? Ƙungiyar mafarautan Aragon ce. Jikokin sana'ar da ta ƙarar da dabbar su ne suka zaro kuɗi a dawo da ita. Wani zai ce tuba ne, wani zai ce ƙaho suke hange. Kai da kake zaune a kujerar Fernández-Arias, ba kowa a ƙofa sai su, za ka karɓi kuɗin ko za ka mayar?

Faransawa dai ba su jira ɗakin gwaji ba. A 2014 suka je tsaunukan Guadarrama kusa da Madrid, inda wata akuyar dutse 'yar uwar bucardo ta yi yawa har ana neman yadda za a rage ta, suka kamo wasu, suka loda a mota, suka sake su a Cauterets, tafiyar ƙafa kaɗan daga tafkin da aka harbe na ƙarshe a 1910. Babu allura, babu lantarki, babu ruwan naitirojin. Awakin suka hau dutse suka kama haihuwa, yanzu ana ƙirga su da ɗaruruwa, wasunsu har suna tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Sifaniya.

Wato in wata rana aka yi nasarar haifar Celia da huhu mai kyau, an samu mazan da za ta tarar a dutse, amma baƙi ne 'yan Guadarrama. Ɗanta zai zama rabin bucardo, jikanta kashi ɗaya cikin huɗu, tattaɓa-kunnenta ɗaya cikin takwas, kuma a haka masu gadin Ordesa za su riƙa ƙirga su.